Su Wa Ke Riƙe Da Asibitocin Sha-Ka-Tafi A Kano?

Duk lokacin da wata gwamnati a yankinmu ta tashi bayyana ayyukanta a fannin lafiya, gine-gine ake fara lissafawa: asibiti kaza da aka gyara, ɗakin haihuwa kaza da aka gina, gadaje kaza da aka sayo. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu, domin majinyacin da ya taɓa kwana a kan tabarma a barandar asibiti ya san darajar gado. Sai dai mafi yawan mutanen da ke sammakon zuwa asibiti ba kwanciya ce take kai su ba. Suna zuwa ne a yanki kati, a duba su, a yi gwajin jini, a rubuta magani, su koma gida kafin la'asar. Mai zazzaɓin cizon sauro, da mai juna biyu da ta zo awo, da uwar da ta kawo jaririnta rigakafi, da dattijon da ke fama da hawan jini ko ciwon suga, duk a wannan layin suke haɗuwa. Wannan ɓangare bai cika buƙatar na'urori masu tsada ba. Abin da yake buƙata shi ne mutum mai horo da zai zauna a kan kujera tun safe, ya saurari majinyaci, ya san abin da zai iya magancewa da abin da ya kamata ya tura gaba.

Na daɗe ina bibiyar wannan batu a Jihar Kano da maƙwabtanta, kuma abin da na fahimta ya saɓa wa yadda aka saba faɗa. An saba cewa ba mu da ma'aikatan lafiya. A matakin likitoci wannan gaskiya ne. Amma a matakin asibitocin sha-ka-tafi, inda talaka ke fara zuwa, akwai ɗimbin matasa da suka yi karatun, suka ci jarrabawa, suka karɓi lasisi, sannan suka zauna a gida ko suke aiki ba albashi, alhali kuma kujerun da ya kamata su zauna a kai babu kowa a hukumance. Abin da ya yi ƙaranci shi ne takardar kama aiki da albashin da ke biye da ita. Wani babban kaso na aikin duba marasa lafiya a jihar nan yana hannun mutanen da sunansu ba ya cikin takardar biyan albashi, kuma muddin ba a fara daga nan ba, duk wani lissafi na yawan ma'aikatan lafiya zai ci gaba da ɓoye mana ainihin halin da ake ciki.

Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma tun a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura miliyan tara. A saman tsarin akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda na Gwamnatin Tarayya ne, sai manyan asibitocin jiha irin su Asibitin Murtala, da na Nassarawa, da na yara na Hasiya Bayero, kowanne da sashensa na duba marasa lafiya a sallame su. A ƙarƙashinsu akwai manyan asibitocin ƙananan hukumomi, sannan cibiyoyin lafiya na matakin farko da ƙananan ɗakunan shan magani da ke ƙauyuka da unguwanni, waɗanda hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha take lura da su. A gefe kuma ga asibitocin kuɗi, ga dakunan gwaji, ga kemis-kemis da ba su ƙidayuwa.

A mafi yawan cibiyoyin matakin farko, wanda jama'a ke kira dakta ba likita ba ne, malamin lafiya ne na al'umma, wato masu takardar CHEW ta shekara uku ko JCHEW ta shekara biyu, da shugabanninsu masu takardar CHO. Wannan tsari yana da tarihi mai kyau. Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya kusa da jama'a, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora harsashin lafiya a matakin farko a Nijeriya, aka kuma kafa hukumar tarayya mai kula da shi a 1992. Manufar ita ce malamin lafiya ya yi aiki da littafin ƙa'idoji da ke nuna masa abin da zai yi a kan kowace alamar ciwo, kuma ya ɓatar da babban kaso na lokacinsa a cikin gari, yana shiga gida-gida, yana duba masu ciki da yara, yana wayar da kai kan tsafta da abinci. A yau wannan ɓangare na shiga gari ya kusa mutuwa, saboda idan malamin ya fita babu wanda zai bari a asibitin. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar raba ayyuka, wadda ta ba waɗannan malamai damar yin wasu ayyukan ungozoma da nas bayan ƙarin horo. Manufar ta dace da halin da ake ciki, amma ta ƙara musu kaya ba tare da ta ƙara yawansu ba.

Hukumar tarayya tana da ƙa'idar mafi ƙarancin ma'aikatan da cibiyar lafiya ta mazaɓa za ta samu. Daga ciki akwai nas ko ungozoma huɗu, domin a iya yin aikin dare da rana ana karɓa-karɓa, da malaman lafiya na al'umma manya uku da ƙanana shida, da mai gwaji, da mai haɗa magani, da mai ajiye bayanai, da malamin tsafta. Idan aka ɗauki nas da ungozoma kaɗai, aka ninka huɗu sau 484, za a samu 1,936, kuma wannan na cibiya guda ce tak a kowace mazaɓa, ban da manyan asibitoci, ban da ƙananan ɗakunan shan magani. Duk wanda ya zaga ƙauyukan Kano ta Kudu ko ta Arewa ya san cewa cibiyar da za ka tarar da ungozoma huɗu a cikinta abar nunawa ce. Akwai da yawa da ko ɗaya babu.

Batun da ya fi jan hankalin 'yan jarida shi ne ficewar ma'aikata zuwa ƙasashen waje, kuma ba ƙaramin batu ba ne. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisi a ƙasar nan kimanin dubu 55 ne, kuma tsakanin dubu 15 zuwa 16 sun fice cikin shekara biyar. Ya ƙara da cewa kimanin 7,600 suna Legas, kimanin 4,700 kuma suna Abuja, ma'ana biranen nan biyu sun kwashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar. A watan Fabrairu na 2024 kuma shugaban hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ya ce fiye da dubu 42 daga cikinsu sun bar ƙasar cikin shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin ƙasa na buƙatar likita da nas da ungozoma aƙalla 4.45 ga kowane mutum dubu kafin a ce kulawa ta wadata, kuma Nijeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar ta ce a yi hattara wajen ɗebe musu ma'aikata. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta amince da wata manufa ta musamman kan wannan ƙaura.

Yadda wannan ficewa take taɓa mai zazzaɓi a ƙauye a kaikaice ne. Likitan asibitin tarayya ya tafi Ingila ko Saudiyya, sai likitan jiha ya nemi gurbinsa domin albashin tarayya ya fi tsoka, sai a janye likitan da ke babban asibitin ƙaramar hukuma a dawo da shi birni ya cike na jihar. A ƙarshe asibitin da ke kula da ƙaramar hukuma guda sai ya rage da likita ɗaya, ko da mai yi wa ƙasa hidima wanda zai tafi bayan shekara. Daga nan majinyata su rinƙa tsallake asibitin garinsu suna biyan kuɗin mota zuwa birni, su cika layin manyan asibitoci da ciwon da ya kamata a gama da shi a mazaɓarsu, likitan birnin kuma ya rasa isasshen lokacin da zai saurari kowa. Amma malamin lafiya na al'umma ba ya cikin masu tafiya Ingila, domin ba a neman takardarsa a can. Yana nan a gida. Don haka rashinsa a cibiyar lafiya ba za a ɗora shi a kan ƙaura ba.

Na sha zama a wata cibiyar lafiya da ke wajen gari a ranar awo, inda wata 'yar uwata take aikin sa-kai tun bayan da ta gama makarantar koyon aikin lafiya. Tun kafin ƙarfe takwas benci ya cika, sauran mata sun shimfiɗa mayafansu a inuwar darbejiya, kowace da katinta a naɗe cikin leda. Mai riƙe da cibiyar, wanda shi da wata malama da mai gadi ne kaɗai ke karɓar albashi, yana ɗaki guda yana duba maza da yara. 'Yar uwar tawa ce ke auna nauyi, ta ɗaura abin awon jini a dantsen kowace mace, ta rubuta a katinta, ta sake rubutawa a babban rajista. Wata abokiyar karatunta tana huda yatsa tana gwajin zazzaɓi, ta jera 'yan sandunan gwajin a kan tebur, ta rubuta sunan mai kowanne da biro a jikinsa don kada su cakuɗe. Wani saurayi, shi ma ɗan sa-kai, yana ƙirga ƙwayoyin ƙarin jini yana zubawa a ƙananan ledoji. Wata tsohuwa da ta rako surukarta ta leƙo ta ce, "'Yar nan, don Allah ki duba mana ita, tun jiya ƙafafunta suke kumbure, ga ciwon kai." 'Yar uwar tawa ta ajiye biro nan take, ta ce, "To Baba, shigo da ita yanzu," ta auna jinin, ta ga ya hau, ta tashi da kanta ta kira mai riƙe da cibiyar. Kafin a jima an nemo adaidaita-sahu an tura matar babban asibiti.

Wannan yarinya ta gane alamar da ke kai mai ciki ga jijjiga, ta kuma san ba abin jira ba ne. Aikin da aka horar da ita a kai ke nan, kuma ta yi shi daidai. A ƙarshen wata abin da take samu ɗan ihsani ne daga abin da cibiyar ta tara, wanda sau da yawa bai wuce kuɗin motarta ba. Da na tambaye ta abin da ya sa ba ta daina ba, ta ce idan ta zauna a gida hannunta zai mutu, kuma tana sa ran ranar da za a ɗauki ma'aikata a tuna da waɗanda suke wurin. Shekaru suna ta wucewa a kan wannan sa rai. Idan aka aiko daga hedikwata a kawo jerin ma'aikatan cibiyar, sunaye uku za a rubuta, alhali masu aikin sun ninka haka.

Dalilan da suka kawo wannan hali ba ɓoyayyu ba ne. Albashin ma'aikatan lafiya a matakin farko daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma shekaru da dama wannan kaso yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, inda albashin malaman firamare da sauran hidimomi suke cinye mafi yawansa. Duk gwamnatin da ta duba takardar albashi ta ga nauyinta, abu mafi sauƙi a gare ta shi ne ta dakatar da ɗaukar sababbi. A gefe guda kuma dokar aikin gwamnati ba ta tsayawa: wanda ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki zai yi ritaya. Waɗanda aka ɗauka da yawa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da ake kafa tsarin, su ne suka yi ta barin aiki a 'yan shekarun nan, ga waɗanda suka rasu, ga waɗanda suka koma asibitocin tarayya ko ƙungiyoyin agaji. Idan ba a maye gurbin kowanne ba, ma'aikata suna raguwa a hankali ba tare da an kori kowa ba, jama'a kuwa suna ƙaruwa kullum. A lokutan da aka buɗe ƙofar ɗauka, ƙorafin da ake yawan ji shi ne cewa takardun sun bi hannun masu uwa a gindin murhu, wanda aka ba kuma ya nemi a ajiye shi a cikin birni, ɗan sa-kan da ya shekara da shekaru a ƙauyen ya ci gaba da zama yadda yake. Akwai kuma matsalar ma'aikatan bogi, wadda take sa takardar albashi ta nuna mutanen da ba a taɓa gani a bakin aiki ba.

Makarantun kuwa ba su daina yaye ɗalibai ba. Bayan na gwamnati da aka sani a Kano da Bebeji, da ta Jahun a Jigawa, makarantun kuɗi na koyon aikin lafiya sun yawaita ƙwarai a shekarun baya-bayan nan. Iyaye suna sayar da amfanin gona da dabbobi suna biya, musamman ga 'ya'ya mata, domin ana ganin aikin asibiti aiki ne na mutunci da miji ba zai hana ba. Kowace shekara sababbi suna fitowa su tarar da na gabansu ba su samu gurbi ba. Alƙaluman ƙasa ba za su nuna wannan ba. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auninta, ta koma ɗaukar duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ne a mako a matsayin mai aiki, shi ya sa rashin aikin yi da aka ce ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020 ya koma kashi 4.1 a farkon 2023. A wannan ma'auni, yarinyar da ake ba kuɗin mota a ƙarshen wata mai aiki ce. A takardar albashin jiha kuma babu ita.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa wannan aiki na kyauta ba shi da farashi. Majinyaci ne yake biya. Wanda ba a biyansa dole ya nemi abin da zai ci, don haka wasu suke buɗe kemis a kusa da cibiyar su rinƙa tura majinyata can, wasu suke bin gidaje da yamma suna allura da ƙarin ruwa, wasu kuma suke ɗora 'yan kuɗaɗe a kan abin da gwamnati ta ce kyauta ne. Ba ina wanke mai yin haka ba ne, amma wanda ya bar ma'aikaci shekaru ba albashi ba shi da bakin tsawata masa, kuma mai riƙe da cibiya ba zai iya hukunta wanda ba shi da abin da za a yanke masa ba. Ɗan sa-kai yana iya daina zuwa gobe idan ya samu abin da ya fi, ya tafi da duk ƙwarewar da ya tara. Ba za a tilasta masa kwanan asibiti ba, shi ya sa cibiyoyi da yawa suke rufewa da rana tsaka, matar da naƙuda ta kama cikin dare kuma ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Idan lokacin gangamin rigakafin shan inna ya zo, ko rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake yi wa ƙananan yara daga Yuli zuwa Oktoba, kowa sai ya fita fili domin a nan ne alawus yake, cibiyar ta zama kusan kango a daidai watannin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Ɓarkewar mashaƙo da ta fara a ƙarshen 2022, wadda Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, ta nuna abin da ke faruwa idan rigakafin yau da kullum ya yi rauni, kuma rigakafin yau da kullum aikin ma'aikacin da ke zaune a cibiya ne kowane mako.

An yi ƙoƙari iri-iri, kuma kusan dukansu hanya ɗaya suka bi. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, inda aka ɗauki sababbin da suka gama karatu da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya. An tsara tarayya ta biya kowace ungozoma naira dubu 30 a wata, jiha dubu 20, ƙaramar hukuma dubu 10 tare da masauki. A wurare da yawa jihohi da ƙananan hukumomi ba su cika nasu alkawarin ba, ungozomomin suka yi ta janyewa, musamman waɗanda aka kawo daga nesa. Shirin SURE-P na 2012 ya ɗauki wasu, ya tafi da gwamnatin da ta kawo shi. Shirin N-Power na 2016 ya tura matasa cibiyoyin lafiya a kan naira dubu 30 na ɗan lokaci. A 2018 aka ƙaddamar da shirin CHIPS na masu wayar da kai a cikin al'umma. Kowanne ya yi amfani a lokacinsa, amma dukansu ayyukan wucin gadi ne. Wannan ya yi kama da mai gonar da kowace damina yake kiran gayya, bai taɓa ajiye manomin da zai zauna ya yi noman farko da maimai har girbi ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kawo abin da ya fi waɗannan dorewa, wato asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma ya fara shiga kasafi a 2018 da kimanin naira biliyan 55. Dokar ta ware rabi don inshora, kashi 20 don magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 don gyara da kayan aiki, kashi 5 don agajin gaggawa, kashi 10 kuma don ma'aikata. Cibiyoyin da ke samun wannan kuɗi sun ɗan farfaɗo, wasu har sun ɗauki ungozoma ta kwantiragi. Amma kashi goma ba zai ɗauki nauyin albashin dindindin ba, kuma ba don haka aka yi shi ba. A watan Disamba na 2023 gwamnati ta yi alkawarin ninka cibiyoyin da ke cin gajiyar asusun daga kimanin 8,800 zuwa 17,600, da sake horar da ma'aikata dubu 120. Ina maraba da duka biyun. Sai dai horo yana inganta wanda ke bakin aiki ne, ba ya ƙara ko mutum ɗaya, kuma ninka cibiyoyi ba tare da ninka ma'aikata ba zai ƙara rarraba 'yan kaɗan ɗin da ake da su.

A yankinmu ba yawan ma'aikata kaɗai ake dubawa ba, har da ko mace ce ko namiji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na haihuwa a Nijeriya ne ƙwararru suke karɓa, amma a Arewa maso Yamma bai kai kashi 20 ba, alhali a Kudu maso Yamma ya haura 80. Daga cikin dalilan akwai cewa mata da yawa da mazajensu ba za su yarda namiji ya karɓi haihuwa ko ya yi awo ba. Tura matar aure mai 'ya'ya daga birni zuwa ƙauyen da babu gidan ma'aikata, babu ruwa, babu makarantar da za ta sa yaranta, ba ya ɗorewa. Za ta je ta dawo kullum har ta gaji ta nemi canji. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuma matsalar 'yan bindiga ta sa wasu cibiyoyin sun rufe gaba ɗaya. Shirin da na ga ya fahimci wannan shi ne wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, inda ake zaɓo 'yan mata da matan aure daga ƙauyukan da ke da buƙata, da amincewar iyaye da mazaje da masu gari, a ba su shekarar share fage su gyara sakamakon jarrabawarsu, sannan su shiga makarantar ungozoma ko nas da sharaɗin komawa garinsu. 'Yar gari ba ta neman masauki, ba ta neman canji, kuma mata sun san gidansu. Amma ita ma idan ta gama ba a ɗauke ta aiki ba, wahalar ta tashi a banza.

Asibitocin kuɗi da kemis suna ɗaukar wani kaso na waɗannan matasa, kuma bai kamata a manta da su a lissafi ba, domin a unguwanni da yawa kemis ne asibitin farko. Sai dai aikin can ma yawanci babu takardar yarjejeniya, babu fansho, albashin kuma a ƙananan wurare bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 ba. Kano tana da hukumar da ke sa ido kan asibitocin kuɗi, kuma tana rufe na bogi. Zai yi kyau ta riƙa tambayar mai asibiti mutum nawa ya ɗauka, da wace takarda, da nawa yake biyansu.

Abin da nake ganin ya kamata a fara da shi ba ya cin kuɗi mai yawa. Hukumar lafiya a matakin farko ta wallafa jerin kowace cibiya a mazaɓu 484, da yawan ma'aikatan da ƙa'ida ta ce ta samu, da waɗanda ake biya, da 'yan sa-kan da ke cikinta, a kuma liƙa na kowace cibiya a bangonta inda kwamitin ci gaban mazaɓa da mai unguwa za su gani su gaskata ko su ƙaryata. Daga nan a mayar da maye gurbin wanda ya yi ritaya ko ya rasu ya zama doka da ke aiki da kanta cikin shekarar, ba sai an jira gwamna ya yi shela ba. Idan za a ɗauka, a yi jarrabawa a fili, a ba ɗan sa-kan da ya daɗe a cibiya fifiko, a kuma ɗaure gurbin da cibiyar, ta yadda wanda ya nemi komawa birni zai bar gurbin a inda ya same shi. Alawus na zaman karkara da ɗaki biyu a bayan cibiya sun fi sabon fenti amfani ga mai naƙudar dare.

Tambayar da ta rage ita ce wa zai biya. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. Wannan ya zo ne bayan an shafe shekaru, tun daga manufar 2011 ta tattara lafiya a matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ana ƙoƙarin mayar da ragamar ma'aikata hannun hukumar jiha guda. Idan kuɗi ya koma hannun shugabannin ƙananan hukumomi 44, ikon ɗauka da turawa kuma yana hannun jiha, to wajibi ne a rubuta a doka kaso nawa kowace ƙaramar hukuma za ta zuba don albashin ma'aikatan lafiya, da wanda ke da alhakin cike gurbi idan ya faɗi. In ba haka ba, shirin 2009 ya riga ya nuna yadda ake yi idan aka raba albashin mutum ɗaya tsakanin hukumomi: kowace ta jira 'yar uwarta. Majalisar dokokin jiha ce ke da ikon yin wannan doka, kuma lokacin zaman kare kasafi ne ya dace kowane ɗan majalisa ya nemi a gaya masa ungozoma nawa ake biya a mazaɓun da yake wakilta.